Na Ɗaure Jirgin Alhaji a Turken Akuya

Assalamu alaikum matan wannan zaure, da mazan da ke laɓe suna karantawa suna cewa wayar matansu suke dubawa. Masu turo mani saƙo cewa Goggo Talatu kin yi shiru, halan an sha biki ba ki gayyace mu ba, ku kwantar da hankalinku. Ba a sha komai ba. Shari'a na yi, kuma an kada ni.

Don wadda ta shigo yau, ni mutuniyar Tafoki ce can ƙasar Faskari. Shekarar da mutanen daji suka hana mu kwana a gidajenmu, na fito da zanen jikina da 'yar akuya ja saɓe a kafaɗa. Rumbu da gado da tukwane duk na baro wa gara. Malam maigidana ya riga mu gidan gaskiya kafin nan, Allah ya jiƙan shi, bai ga wannan rana ba. Yanzu ina zaune Ƙanƙara gidan ɗana Muttaka. Ba ɗan fari ba ne, shi ya sa kuka ji na kama suna. Ɗakin da aka ba ni na ajiyar hatsi ne, katifata a wannan bango, buhunan masara a wancan, ɓeraye a tsakiya suna sasanta mu. Matarshi Shafa'atu ba ta taɓa yi mani rashin kunya ba, kada in ɗauki alhakinta. Amma wadda ta tsufa tana kwashe tuwo tana rabawa, yau ita ake miƙo wa malmala a kwano da murfi, ita ta san abin da take haɗiya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ke nawa ni kaɗai a duniyar nan shi ne akuyar nan. 'Yar Tafoki nake ce mata. Ta haihu na sayar na sayi magani, ta sake haihuwa na sayi kalwa na kama sana'ar daddawa. Yanzu ma ciki gare ta. Ku riƙe wannan.

Sai Alhaji Mani, mai nemana. Ya yi aikin gyaran injuna a Kaduna har ya yi ritaya, uwargidanshi ta rasu, 'ya'ya sun watse birane. Gidanshi na nan bayan layinmu, ginin siminti, da rijiya, da bishiyar lemo. Ba ya shan taba, ba ya zaman gulma, sahun gaba ba ya wuce shi. Aibinshi ɗaya, kuma ya ishe shi: jirgin wasa. Irin mai saukar ungulu, tsawonshi kamar rabin taɓarya, ana tuƙa shi daga ƙasa da rimot mai 'yan sanduna biyu. Da la'asar sai ka ga dattijo da farin gemu, da farar shadda ta sha guga, da tabarau, ya ɗaga kai sama a filin makaranta baki buɗe kamar mai duban wata. Furfura dai ba ita ce hankali ba.

Muttaka kullum da irin tashi lallaɓar. Inna, Alhaji mutumin kirki ne. Inna, aure sunna ne ba ya tsufa. Ita kuwa Shafa'atu na kama ta tana auna ɗakina da taku, ta ce wai tsintsiya take nema. Na san firjin zoɓonta take nema wa masauki.

Shi Alhaji na riga na gaya mashi ba ni tsayawa zance a zaure jikokina na wucewa. Sai ya koma turo murya a waya. Hajiya an tashi lafiya, Hajiya ya ƙafa. Na ce mashi ban je ba tukuna, ya daina ɗora mani abin da ban ɗauka ba. Ya ce fata nagari lamiri. Rannan ya turo cewa tunda na hana shi ƙofa, zai biyo ta inda ba ƙofa. Na ɗauka irin zancen masu neman aure ne, wanda iska ke kwashewa.

Da hantsi na shanya daddawa a tabarma tsakar gida, ta nuna ta yi baƙi, ƙamshinta har layi. Maƙwabciyata Suwaibatu, wadda ita ma gudu ya kawo ta daga wajen Sabuwa, tana taya ni mulmulawa. Sai muka ji ƙara daga sama.

Ku 'yan birni ƙarar sama abin kallo ce a wurinku. Mu da muka kwana cikin dawa da jarirai a baya mun san in sama ta yi ƙara, wani abu ya faru ko zai faru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Suwaibatu ta bar takalmi da ɗankwali ta faɗa ɗakina ta shige bayan buhuna tana salati. Shafa'atu ta suri ɗanta. Ni ƙafa ba ta gudu yanzu, sai na tsaya da muciya a hannu. Me zan gani? Jirgin Alhaji ya ƙetaro katanga yana tangaɗi kamar ya sha wani abu, da baƙar leda ɗaure a cikinshi tana lilo. Ya yi dama, ledar ta ja shi hagu. Ya doki reshen bedi, ya juya, ya juya, ya faɗo tsakiyar daddawata. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Kafin fuka-fukan su tsaya sun watsa daddawa har bangon makewayi, sun fasa mani tukunyar da nake dafa kalwa.

Na kwance ledar. Farin goro, da turare ɗan kwalba, da sabulu mai ƙamshi. Toshi ke nan aka aiko mani ta sama.

To mu a Tafoki muna da tsari. In saniya ta shiga gonarka ba ka dukanta, ba ka zagin mai ita. Kama ta za ka yi ka ɗaure, ka aika wa mai gari. Dattawa su zo su yi kiyasin ɓarna, mai dabba ya biya ya kwance abinshi. Da wannan muka zauna da makiyaya tun kakanni, kafin duniya ta lalace. Don haka na ɗauko igiya na zarga wa jirgin a wutsiya, na ja shi har turke na ɗaure kusa da 'Yar Tafoki.

Waya ta yi ƙara. Muryar Alhaji ce.

"Hajiya, don Allah a yi haƙuri, iska ce. A taimaka a cire mashi batir, a sa shi a inuwa, kada kowa ya taɓa wayoyin."

Bai tambayi ko ya faɗo kan mutum ba, ku lura. Na danna na mayar mashi.

"Alhaji, dabbarka ta yi mani ɓarna, tana turke. Mu haɗu wajen Mai unguwa."

Ya turo murya ta fi goma, ban buɗe ba. Muttaka ya dawo kasuwa ya ga jirgi a turke, ya riƙe baki ya ce Inna abin nan ya fi babur ɗina tsada. Na ce ko ya fi jirgin Makka, ɓarna ya yi.

Aka yi rashin sa'a Mai unguwa Gide ya tafi ta'aziyya garin Ƙetare, sai washegari. Jirgi ya kwana a turke. Abin da ban yi tunani ba, ni da na tsufa cikin awaki, shi ne jirgin nan ya yi wanka da daddawa, kuma akuya mai ciki ba abin da take so kamar ɗanɗano. Da safe na fito da dusa na tarar da 'Yar Tafoki tana tuƙa, jar waya da baƙa na reto a bakinta kamar taliya. Ta cinye wata 'yar igiyar roba da ke juya wutsiya. Ta ɓare murfin kai ta tauna. Wani ɗan akwati kamar na ashana ta fito da shi ta lashe ta tofar. Ta dube ni ta yi gyatsa.

Ban ji komai ba a lokacin. Na ce abin wasa ne, mai gyaran rediyo ya ɗaɗɗaura.

Na ci ado don shari'a, ba don kowa ba. Atamfata mai ruwan goro, farin mayafi, na zizara kwalli. Zauren Mai unguwa ya cika, don labari ya riga mu. Ga dattawa biyu masu kiyasin gona, waɗanda in sun dubi kara suka ce dami kaza ba a musu. Ga Alhaji a gefe da jirgi a cinya, ya lulluɓe shi da tawul kamar jariri mai zazzaɓi.

Na faɗi ƙarata. Dattawa suka kimanta daddawa da tukunya, har da firgitar Suwaibatu suka sa mata kuɗin sabulu. Alhaji ya zura hannu aljihu ya biya nan take, ko tayi bai yi ba. Nan gabana ya fara faɗuwa, don Bahaushen da ya biya bai yi ciniki ba, akwai abin da ya hango.

Na miƙe zan tafi, Mai unguwa ya ce Goggo zauna, shari'a ba ta ƙare ba. Ya ce tsarin da na kawo daga Tafoki shi ma ya san shi, kuma ƙafa biyu gare shi. Dabbar da aka kama amana ce a hannun wanda ya kama. In ta karye ko ta mutu a turkenka, kai ke biya. Ya tambaya, yadda aka kama jirgin nan haka aka mayar da shi?

Wanzami ba ya son jarfa. Na koma na zauna.

Gaskiya Alhaji ya so ya rufe. Ya ce a bar maganar. Mai unguwa ya ce ba a bari, tunda an auna na Goggo sai an auna nashi. Sai Alhaji ya yaye tawul, ya ciro waya, ya fara nuna hotunan kayan ɗaya bayan ɗaya, dattawa na miƙa wuya. Ya ce fuka-fukan dai, reshen bedi ne ya karya su, asararshi ce, kada a sa. Aka tambayi kuɗinsu don a sani kawai, ya faɗa, wani a baya ya ce wannan ai buhun masara ne babu kaɗan. Fuffuke biyu, 'yan uwa, da ba su kai ludayi nauyi ba. Ya ce kuma duk faɗuwa sai an sake su, shi ya sa yake saye da yawa ya ajiye.

Aka zo kan abin da akuyata ta ci. Igiyar robar nan da na ɗauka irin ta ɗaure leda ce, kuɗinta zai yi cefanen gidanmu na kwanaki. Murfin kai, wai fenti ne da hannu. Ɗan akwatin ashana shi ke karkata fuffuke, kuma ba a sayar da guda, sai a haɗe da 'yan uwanshi. Wayoyin kuwa da ta tattauna sun haɗu da juna sun ƙona abin da ke raba wuta, batir ma ya kumbura ya zama sai jefarwa.

Ɗaya dattijon ya ce ba a kai wa maƙeri ya ƙera? Alhaji ya ce ba a ƙerawa. Ɗayan ya ce ba a samun na hannu a kasuwar Funtuwa? Ya ce ko Kano babu. Daga Sin ake turowa, da dala ake biya, dalar kuma kafin ka gama alwala ta tashi. Ga kuɗin jirgin da zai ɗauko kayan jirgi, ga na kwastan, ga na motar da za ta kawo daga Legas. Dattijon ya gyara zama ya ce shi dai ya yi kiyasin gonar da garke guda ya kwana a ciki, bai taɓa ganin ɓarnar da baki ɗaya ya yi kafin hantsi ta kai wannan ba.

Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Suka tambayi wani mai kai dabbobi kasuwar Sheme nawa akuya irin tawa take yi. Hukunci ya fito: ɓarnar ta ɗara kuɗin akuya, amma in an haɗa da abin da ke cikinta, an yi kunnen doki.

Muttaka ya ce zai biya a hankali. Na ce da kuɗin makarantar 'ya'yanka? Zauna. Sai Alhaji ya yi gyaran murya, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Ni na yafe, ranka ya daɗe. Duniya da lahira. In dai Hajiya za ta duba maganar nan tamu."

Zaure ya ɗauki dariya. Har Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga. Na bari suka gama.

"Alhaji, riƙe yafiyarka. Na baro gida, na baro rumbu, ban baro mutuncina a Tafoki ba. Ba za a zauna a Ƙanƙara ana cewa an samu Talatu a kuɗin wayar jirgi ba. Shari'a ta ba ka akuya, akuya za ka karɓa."

Da kaina na kwance ta, na ja ta har ƙofar gidanshi, na miƙa igiya ban dubi fuskarshi ba. Da na dawo na ga turke babu kowa, idona ya yi ruwa. Hayaƙin murhun Shafa'atu ne, itacenta ɗanye.

Kwanakin da suka biyo ba su yi daɗi ba. Kukanta na ƙetaro layi yana iske ni. Alhaji ya saya mata harawa ta ƙi, ya saya mata dusar alkama ta kau da kai. Ya turo murya: Hajiya me take ci? Na ce jirgi. Ya turo hotonta, ƙashin baya ya fara fitowa, ga ciki. Na kashe wayar na tura ƙarƙashin katifa, na sake cirowa na duba. Shafa'atu ta ce Inna ki karɓi abarki mana tunda ya ce ya yafe. Na ce yarinya, abin da aka ba ka kyauta a gaban jama'a, da shi ake yi maka gori a bayan jama'a.

Sai ranar da aka yi ruwan nan mai iska. Alhaji ya ji tausayin akuya ya shigar da ita baranda, ya tafi masallaci azahar. Ashe sababbin kayan da ya yi oda sun iso da safe, ya buɗe kwalin ya baje a ɗakin jirage, ya bar ƙofa a sakaye. 'Yar Tafoki da ta yi kwanaki tana azumi ta samu buɗa-baki.

Muryar da ya turo ba Hajiya an wuni lafiya a ciki.

"Don girman Allah ki zo ki ɗauki akuyarki. Kyauta. Zan ƙara maki da buhun dusa."

Na ce akuyarka dai. Dabbarka ta ci kayanka a gidanka, wa za ka kai ƙara?

Amma na je. Na ɗauki Suwaibatu rakiya, da rana tsaka, kowa na gani. Akuya na jin muryata ta tsinke igiya ta zo tana goga kai a zanena. Na ba ta dusa a tafin hannu ta cinye tas. Sannan na leƙa ɗakin jirage, wanda ban taɓa gani ba.

'Yan uwa, ɗaki ne da tayil, da fanka, da taga biyu masu labule. Jirage uku zaune kan darduma mai laushi, kowanne da mayafinshi don ƙura. Batura jere a kan teburi kamar kwanonin jeren amarya. Ni ɗiyar mutane ina kwana da ɓeraye, abin da ba ya ci ba ya sha ba ya salla yana kwana ƙarƙashin fanka. Na auna da ido inda gado zai zauna, da inda za a jera tukwane. Sai na tuna Shafa'atu da takunta, na ce ashe kowa da ɗakin da yake aunawa.

Alhaji na durƙushe yana tsince guntayen roba. Na ce ya tashi, magana zan yi, kuma ba ni maimaitawa.

"Kyauta ba ni karɓa. Amma na tambayi Liman, ya ce dabba tana yin sadaki in darajarta ta kai. Akuyar nan yanzu halalinka ce. Ka tura manyanka wajen Muttaka, sadakina ita ce, da cikinta. Ta dawo hannuna da haƙƙi, ba da alfarma ba."

Fuskarshi ta washe har tabarau na zamewa. Na ce ban gama ba.

"Ɗakin nan nawa ne. Kuma ni a gidana ba a ɗaure 'Yar Tafoki. Ta sha igiya a gidan wasu, ya isa. Inda na taka nan za ta taka."

Murmushin ya tsaya a rabi. Ya dubi jirage. Ya dubi akuya, tana tuƙa tana dubanshi. Ya ce kin san nawa na zuba a ɗakin nan? Na ce na sani, a gabana aka yi kiyasi. Ya ce in ba shi lokaci ya yi shawara. Na ce shawara da wa, da batir? Na ja mayafina muka fito, na bar mashi akuyarshi tana kuka.

Ban gaya wa Muttaka ba. Alhaji kuma bai turo murya ba, ko ta gaisuwa. Na fara cewa to, Talatu, kin yi ciniki da tsada kin kori mai saye, ga ki ba akuya ba ɗaki.

Yau da hantsi ina tsince kalwa na ji bugun guduma daga bayan layi. Suwaibatu ta je ɗiban ruwa rijiyar gidan ta dawo tana dariya har tana zubar da bokiti. Wai Harisu kafinta ne a zauren Alhaji, bisa tsani, yana kafa katakai can sama dab da rufi. An fito da jirage daga ɗaki, an naɗe darduma. Alhaji na tsaye a ƙasa da akuya a igiya, yana ɗaga harawa sama don ya auna iyakar inda bakinta ke kaiwa in ta miƙe da ƙafa biyu, yana ce wa Harisu ya ƙara ɗagawa kamu ɗaya.

Na ci gaba da tsintar kalwata. Allah sarki Alhaji, mutumin Kaduna. Miƙewa yake aunawa. Ba wanda ya gaya mashi 'Yar Tafoki tun tana ƙarama a kan rumbu take kwana, kuma ba ni ce zan gaya mashi kafin a shafa fatiha ba.